Lita 52 Zuwa Kaduna Da Dawowa: Yadda Muka Bi Sawun Man Da Wata Golf Ke Sha

Ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya faɗa a jawabin rantsar da shi cewa tallafin mai ya tafi, ina da mota ɗaya a tasha. Golf 3 ce mai dogon baya, irin wadda aka daina ƙerawa tun ƙarshen shekarun 1990. Na saye ta 'yar Kwatano da kuɗin adashi don ta riƙa tallafa wa albashi. Ɗan yayana ne ke jan ta daga tashar Unguwa Uku a Kano zuwa Kawo a Kaduna, tafiyar kilomita wajen 230, ya juyo da wani lodin in Allah ya kawo. Kafin sati ya zagayo, litar da hukuma ke sayarwa ƙasa da naira 200 ta koma 540 a Kano. A watan Yuli ta haura 600.

Yarjejeniyarmu mai sauƙi ce: ya cire kuɗin mai, ya cire na tasha da na abincinsa, abin da ya rage mu raba. Sanda mai ke da araha babu wanda ya taɓa tambayar nawa aka sha. Da farashi ya ninka kusan sau uku, kuɗin mota kuwa bai ninka haka ba saboda fasinja ba za su iya ba, sai abin da yake kawo mini ya riƙa ƙanƙancewa, har aka kai ranar da ya ajiye mini kuɗin da ba su isa cefanen yini ɗaya ba. Tsakani da Allah na fara saƙa abubuwa a raina. Shi ma ya lura, domin ya daina zama cin tuwon dare a gidana, yana miƙa kuɗi daga zaure ya juya. Wannan ne ya fi damuna, fiye da kuɗin. Yaron nan a hannuna ya tashi.

Wata Juma'a da daddare na zaunar da shi. Ya ce, "Baffa, wallahi motar ce ke shan mai kamar ana zubarwa. In kuma ba ita ba ce, to gidajen mai ne ke tauye lita." Bakaniken da ya saba kai wa ya riga ya yanke hukunci: inji ya gaji, a sauke shi a yi masa ringi, wato a canza zobunan da ke jikin fistin. Kuɗin da ya ambata sun kai ribar wata biyu.

Kafin in amince da sauke inji sai na kai maganar wurin wani dattijo a unguwarmu, wanda ya yi aiki a kamfanin haɗa Peugeot na Kaduna tun zamanin da ake fitar da 504. Ya daina shiga ƙarƙashin mota, amma kunnensa da idonsa suna nan. Ya saurare mu har muka gama, sannan ya juya wurin direban ya ce, "Ɗana, lita nawa take sha zuwa da dawowa?" Yaron ya ce na dubu talatin, wani lokacin da ɗoriya. Dattijon ya ce ba kuɗi ya tambaya ba, lita ya tambaya. Shiru. Ni mai motar ban sani ba, shi mai jan ta kullum bai sani ba.

A nan ne matsalar ta fara fito mini fili. Direbobinmu da naira suke auna mai, da kuma allurar da ke gaban sitiyari. A lokacin da farashi ke canzawa daga wannan gidan mai zuwa na gaba, naira ba ma'auni ba ce. Allurar tsohuwar mota kuwa ba abin dogaro ba ce, takan daɗe a sama sannan ta faɗo gaba ɗaya. Abin da ke ƙirga kilomita a motar ma ya mutu tun kafin in saye ta. Sa'ar da muka ci ita ce hanyar ɗaya ce kullum, nisanta ba ya canzawa.

Dattijon ya sa aka sayo littafin makaranta mai shafi 40 da biro aka ajiye a aljihun gaban mota. Ka'idar: kowace safiya a gidan mai ɗaya, a famfo ɗaya, a cika tanki har sai famfon ya tsaya da kansa, kada a ƙara ko ɗigo. A je Kaduna a dawo ba tare da an ƙara mai a hanya ba in zai yiwu, in an ƙara a rubuta. Washegari abin da tanki ya ɗauka kafin ya sake cika, shi ne abin da aka ƙona jiya. A rubuta litar da ke jikin famfo, a rubuta yawan fasinja da irin kayan da aka ɗauka. Ya hana a taɓa komai a jikin motar har sati biyu.

Sati biyun suka ba mu lita 52 a matsakaici, wato fiye da lita 11 a kowace kilomita 100. Tankin motar gaba ɗaya lita 60 yake ɗauka. Da na lissafa da farashin lokacin, kuɗin da yaron ke cewa yana kashewa sun fito daidai, babu ko kwabo da ya yi ɓatan dabo. A daren na kira shi na ce ya yafe mini abin da na ɗarsa a zuciya. Ya sunkuyar da kai ya ce ba komai, Baffa. Amma lita 52 ta yi yawa ga injin 1.8 a kan buɗaɗɗiyar hanya, ko da an cika motar da mutane, kuma ruwa ba ya tsami banza.

Da tayoyi aka fara, saboda su ne mafi arha. Mai faci ya auna su da safe kafin mota ta yi tafiya, lokacin da suke da sanyi, aka tarar kowace da nata awon, na baya biyu sun yi ƙasa sosai. Ba sakaci ba ne, da gangan direban ke rage musu iska. A tasha an yi imani cewa a lokacin zafi taya mai cikakkiyar iska ita ce ke fashewa. Gaskiyar lamarin akasin haka take: tayar da ba ta da isasshiyar iska gefenta ke lanƙwashewa yana miƙewa a kowane juyi, wannan motsin ke haifar da zafi a cikinta, zafin kuma shi ke tarwatsa ta, musamman in an yi mata lodi. A cikin murfin tankin Golf akwai 'yar takarda da kamfani ya liƙa mai awo biyu, na mota ba kaya da na cikakken lodi, kuma na lodin ya fi yawa a tayoyin baya. Shekara da shekaru yaron na buɗe murfin nan bai taɓa karanta ta ba. Sai dai kada in kambama abin. Lissafin ma'aikatar makamashi ta Amurka ya nuna kowane awo ɗaya (psi) da iska ta ragu a tayoyi yana ƙara shan mai da kusan kashi 0.2 cikin ɗari ne kawai. A tafiyarmu bai wuce lita ɗaya ba. Ribar gyara iskar ta fi yawa a tsawon ran tayar da tsaron rayukan da ke ciki.

Abin da ya fi taya shi ne wanda dattijon ya gano da hannunsa. Ya sa yaron ya zaga da motar har Na'ibawa ya dawo, sannan ya bi ƙafafun huɗu yana kusantar da bayan hannunsa. Da ya zo ta baya ɓangaren dama sai ya janye da sauri. Ya karɓi ledar ruwa ya yayyafa a jikin ƙarfen, ruwan ya yi cuu, tururi ya tashi. Aka ɗaga motar da jak, ya juya tayar da hannu, ko zagaye ɗaya ba ta yi ba ta tsaya. Wayar birkin hannu ce ta yi tsatsa ta ƙi sakewa gaba ɗaya, birkin yana riƙe da ƙafar nan tun daga Kano har Kaduna. Kamar a ɗaura wa jaki dutse a ƙafa ne a ce ya yi sauri. Aka canza wayar, aka saita ƙafafun gaba da suka karkace har suna cinye taya ta gefe ɗaya. Satin da ya biyo baya littafi ya nuna 49.

Sai aka zo kan inji, kuma a nan ne na koyi abin da ya fi tsaya mini a rai. Dattijon ya tambayi direban ina allurar zafi ke tsayawa in yana kan hanya. Cikin alfahari ya ce, "Baba, ai motar nan ba ta san zafi ba. Allurar ko tashi ba ta yi." Dattijon ya girgiza kai ya ce nan ne ciwon yake. Allurar Golf a kan 90 ya kamata ta tsaya, domin a wannan zafin aka tsara injin ya yi aiki. Da aka kwance bututun ruwa sai aka tarar babu tamostat, wato ɗan murfin nan da ke tsare ruwa a cikin inji har sai ya ɗau zafi sannan ya sake shi zuwa lagireto. An cire shi tuntuni, an kuma haɗa fanka kai tsaye, tana juyawa daga tayar da mota har kashe ta.

Wannan aiki ne da ake yi wa motoci 'yan Kwatano da yawa da ke shigowa ƙasar nan, da hujjar cewa tamostat na ƙasashen sanyi ne. Masu yi ba mugunta suke nufi ba, so suke su kare injin. Amma motar da ke da injekta kwamfuta ce ke yanke yawan man da za a fesa, kuma tana tambayar wani ɗan ma'aunin zafin ruwa. Muddin ya ce inji da sanyi, za ta ci gaba da ƙara mai fiye da kima, kamar yadda ake jan cok a tsohuwar mota da asuba. Motar da aka cire wa tamostat, musamman da sanyin safiyar hunturu a kan doguwar hanya, takan yini a wannan halin. Man da bai ƙone ba kuma yana wanke baƙin man da ke jikin silinda, ya gangara ya tsinka na cikin inji, a hankali ya kawo gajiyar da ake gudu. Da aka zaro filogi huɗun, bakinsu baƙi ƙirin, busasshen toka mai laushi kamar gindin tukunya. Dattijon ya shafa da yatsa ya nuna mana ya ce wannan ba baƙin mai ba ne, da shi ne da ya yi danƙo. Fetur ne ya yi yawa. Ringi lafiyarsa ƙalau.

Asalin abin da ke sa motocinmu zafi har a kai ga cire tamostat shi ne lagireton da ya toshe, saboda ruwan rijiya da na leda da ake ɗura masa maimakon ruwan da aka yi domin sa, sai tsatsa da gishiri su cushe ƙananan hanyoyinsa. Don haka sai da aka wanke lagireton tas, aka sa sabon murfinsa, aka mayar da makunnin da ke tayar da fanka in zafi ya kai, sannan aka sa tamostat ɗin da muka samo a kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa. A ƙarƙashin motar kuma aka ga wata waya tana lilo kusa da salansa. An sare abin nan da bakanikai ke kira indomi, mai tace hayaƙi, wanda ake sayarwa saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinsa, a garin haka aka tsinke wayar ma'aunin da ke shinshina hayaƙi yana gaya wa kwamfuta ko mai ya yi yawa. Wannan ɗan ma'aunin, in ya lalace, yana cikin manyan abubuwan da ke sa mota zuƙar mai. Aka sa wani, aka canza filogi. Matatar iska ma an canza ta, duk da dattijon ya gaya mana gaskiya cewa a mota mai injekta toshewarta ƙarfi take ragewa, ba ta cika ƙara shan mai ba. Tsohuwar ta huje ne saboda yawan hura ta da iskar mai faci, ƙura na wucewa kai tsaye cikin inji.

Duk abin da muka kashe bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin ringi ba. Littafi ya sauko zuwa 45.

Na ɗauka an gama. Dattijon ya ce saura babba, in shirya in bi motar da kaina, in zauna a gaba, kada in ce uffan, in dai riƙa kallon ƙafar direba.

Tun daga ƙofar gida na fara gani. Ya tayar da mota ya bar ta tana aiki wajen minti goma sha biyar, yana taka totur lokaci-lokaci wai tana ɗumama. Injin da ke aiki a tsaye yana ƙona lita ɗaya zuwa biyu a awa, kuma ya fi saurin ɗaukar zafi in ana tafiya a hankali. A tasha 'yan kamasho suka cusa buhuna har but ya ƙi rufuwa, aka ɗaure ƙofar da igiya tana a ɗage kamar fiffike. Muna wuce Kura, inda hanya ta yi kyau tun bayan gyaran da aka yi mata, allurar gudu ta haura 120, wani wurin 130. Sai a hango tirela ko shingen jami'an tsaro, a ci birki da ƙarfi har fasinja su yi salati, a koma giya ta biyu, a sake dannawa har ƙasa. Daga Kwanar Dangora zuwa Tashar Yari na daina ƙirga sau nawa aka yi haka. A duk gangara kuma sai ya zare giya ya sa ta firi, ya dube ni yana murmushi, alamar ga shi yana tattali.

Ba tattali ba ne. Mota mai injekta in tana cikin giya ka ɗaga ƙafa daga totur, kwamfuta tana datse mai gaba ɗaya, tayoyi ne ke juya injin. In ka sa ta firi dole a ci gaba da ba inji mai don kada ya mutu, ga shi ka rasa riƙon da giya ke yi wa mota a gangara. Gudun kuwa lissafinsa ba ya canzawa: turjiyar iska tana ƙaruwa da ninkin gudu a kan kansa, wanda ke kan 120 yana ture iskar da ta fi ta mai 100 da kashi 44 cikin ɗari, balle da but a buɗe. Daga wajen kilomita 80 a awa shan mai ke fara hawa da sauri. Kowace taka birki mai ƙarfi kuma, man da aka ƙona aka tara gudun nan ne ake mayarwa zafi a zubar a titi. Ma'aikatar nan ta Amurka ta ƙiyasta cewa irin wannan tuƙin na fizga da birki yana cin kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari a babbar hanya. Dokar hanya ta Najeriya ma kilomita 90 ta yanka wa tasi da bas a kan tagwayen hanyoyi.

Da muka isa Kawo na gaya masa duk abin da na gani, ya saurara da ladabi, sannan ya faɗi abin da ni da dattijon ba mu lissafa ba. Ya ce, "Baffa, duk na ji. Amma a tasha layi ake bi. Wanda ya riga isowa shi ake fara rubutawa. In motoci uku suka wuce ni a hanya, suna gabana a lodi. Fasinja sun yi ƙaranci yanzu, in na makara sai in kwana a Kaduna ko in dawo da mutum biyu." Ya ƙara da cewa fasinjan ma su ke zuga direba, in ka tafi a hankali sai ka ji daga baya ana cewa wannan ɗan koyo ne.

Gaskiya ya faɗa, kuma duk mai wa direban haya wa'azin tuƙi a hankali bai yi adalci ba in ya tsallake wannan. A takarda, bambancin mai tafiya a kan 120 da mai tafiya a kan 95 a wannan hanya rabin awa ne. A zahiri bai kai haka ba, saboda shingaye da cunkoson Kwangila a Zariya da garuruwan kan hanya suna tara kowa wuri ɗaya, sau da yawa wanda ya wuce ka kamar iska za ka iske shi a layin shinge na gaba, sauri ya haifi nawa. Amma ko minti goma sha biyar na iya raba mutum da lodin yamma. Tsarin tashar ne ke saka wa mai gudu, ba wautar direba ba ce kaɗai.

Ba mu da ikon canza tasha, sai muka canza abin da ke hannunmu. Ya koma kai motar layi tun da dare don ya samu lodin farko, ya fita da wuri ba tare da kowa na bin sa ba. Ya tsayar da gudunsa tsakanin 90 da 100, ya koyi ɗaga ƙafa tun daga nesa in ya hango shinge, motar ta gangaro da kanta cikin giya. A dawowa, da yake babu layin da yake nema, ba ya wuce 90. Ɗumamar safe ta koma minti ɗaya. Kayan da zai hana but rufuwa ya daina karɓa sai in kuɗinsa sun kai, domin yanzu ya san abin da yake ci. Ni kuma na gyara yarjejeniya: duk litar da ta ragu ƙasa da 45, kuɗinta nasa ne shi kaɗai. Ban ga dalilin da zai sa mutum ya jure gorin fasinja yini guda don wani ya amfana ba.

Bai zo da sauƙi ba. Satin farko 44, na biyu ya koma 45, domin ƙafar da ta saba shekara bakwai ba ta sauyawa a kwana bakwai. A wata na biyu lissafin ya zauna tsakanin 40 da 41. Wani abokinsa a tasha ya kawo masa ƙwayoyin da ake jefawa a tanki wai suna rage shan mai, ya gwada sati guda, littafin bai motsa ba, ya watsar.

Lita 12 a kowace tafiya, a farashin da ya haura 600, ya fi naira 7,000. Da lita ta haura naira 1,000 a watan Oktoban 2024 sai ya zama fiye da 12,000. Wannan ya hana ni sayar da motar, amma bai mayar da mu inda muke ba. Lita 52 a tsohon farashi ba ta kai naira 11,000 ba, lita 40 a farashin dubu kuwa 40,000 ce. Babu iskar taya ko tamostat da zai cike wannan giɓin, kuma na san masu motoci da yawa da suka ajiye su duk da direbobinsu masu hankali ne.

Littafi na huɗu ake ciki yanzu. Kwanakin baya ya shigo da daddare, ya zauna muka ci tuwo, sannan ya buɗe shafin ya nuna mini kwana uku a jere: 43, 44, 44. Ya ce bai canza tuƙi ba, lodi ma kamar kullum. Tun kafin ya zo ya riga ya bi ƙafafun huɗu da bayan hannu, dukkansu da sanyi, ya auna iska, daidai. Amma ya lura allurar zafi ta fara tsayawa ƙasa da 90 da safe. Ya ce gobe ba zai yi lodin farko ba, zai biya ta wurin Baba a duba tamostat ɗin.